ABIN DA MUKE ZUBA WA 'YA'YANMU A KWANO

Nassosi: Ishaya 55:1-2, Fitowa 16:13-21, 1 Korintiyawa 6:19-20

GABATARWA



Duk wanda ya yi sammako ya bi ta kasuwar Farin Gada a nan Jos, zai ga alherin Allah da idonsa. Ga kabeji tuli-tuli, ga karas da tumatir da koren wake da latas, ana ta loda su a manyan motoci zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Haka dankalin turawa na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake ratsa ƙasar nan duka. Mutanen nesa suna biyan kuɗi mai tsoka domin su ci abin da yake tsirowa a bayan gidajenmu. Amma sau da yawa manomin da ya sayar da kayan nan da safe, da yamma sai ka gan shi ya nufi gida da lemon kwalba da biskit da katan na taliyar fakiti, yana murna ya yi wa iyalinsa tsaraba.

Annabi Ishaya ya tambayi mutanen zamaninsa dalilin da ya sa suke zubar da kuɗinsu da guminsu a kan abin da ba ya ciyar da mutum. Gaskiya ne, maganarsa ta farko a kan abincin ruhu take, wato komowa ga Ubangiji. Duk da haka daga kasuwa ya ɗauko misalin, kuma tambayar ta shafi tukunyarmu ta yau.

A cikin shekarun hidimata na sha zuwa asibiti gaida 'yan'uwa waɗanda ko shekara hamsin ba su cika ba, amma hawan jini ya shanye musu ɓarin jiki, ko ciwon suga ya ci musu ƙafa. Na kuma taɓa ganin yaro ɗan shekara tara a wani taron yara na ekklesiya, wanda ya kasa hawan ɗan tudu tare da tsaransa, ya zauna a kan dutse yana haki yana hawaye, sauran suna yi masa dariya. Mahaifiyarsa mace ce mai tsoron Allah, mai ƙaunar ɗanta ƙwarai. Ƙaunar ce ma ta sa ba ta taɓa hana shi abin da ya miƙa wa hannu ba. Saboda irin waɗannan ne na ga ya wajaba mu yi wannan magana a matsayinmu na iyalin Allah.

1. HALIN DA AKE CIKI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekara ta 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙiba mai illa, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Daga 1990 zuwa wannan shekara, yawan manya masu wannan matsala ya ninka fiye da sau biyu, na matasa kuwa ya ninka sau huɗu. Yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 da nauyinsu ya wuce ƙima sun haura miliyan 390.

Kada wani ya ce ai wannan cutar Turawa ce. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima. Binciken nan ne kuma ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Kun ga ke nan ƙasarmu tana ɗauke da kaya biyu. A unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, za a sami uwa mai ƙiba da ɗa wanda bai kai tsawon shekarunsa ba. Dukansu biyu cikinsu yana cika, amma jikinsu bai sami abin da yake bukata ba.

A al'adarmu kuwa muna yi wa ƙiba kirari. Idan amarya ta yi jiki, sai a ce mijinta ya iya kiwo. Idan maigida ya ajiye tumbi, sai a ce Allah ya buɗa masa. Har akwai 'yan mata masu sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe domin su yi jiki, alhali wasu daga cikin ƙwayoyin nan kumbura mutum suke yi, su jawo masa hawan jini da ciwon suga. Ya kamata mu sake duba abin da muke kira albarka.

2. ABIN DA MAGANAR ALLAH TAKE KOYA MANA

Na farko, jikin mai bi ba nasa ba ne. Manzo Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa Ruhu Mai Tsarki ya mai da jikinsu mazauninsa, kuma Kristi ya biya tamani mai tsada domin ya fanshe su. A wurin nan yana kwaɓarsu ne a kan fasikanci, amma tushen maganar ya fi haka faɗi. Mu masu riƙon amana ne. Dattijon da ya bar rufin majami'a yana yoyo shekara da shekaru ba za mu yaba masa ba, balle wanda ya yi sakaci da haikalin da Allah da kansa ya gina.

Na biyu, abinci kyautar Allah ce. 1 Timotawus 4:3-5 ya gargaɗe mu game da masu haramta abincin da Allah ya halitta domin a karɓa da godiya. Saboda haka ba dokar haramci nake kawo muku ba. Ubangijinmu ya halarci bikin aure a Kana, ya ciyar da mutum dubu biyar, ya kuma gasa wa almajiransa kifi a bakin teku bayan tashinsa.

Na uku, Allah mai ma'auni ne. Sa'ad da ya ciyar da Isra'ilawa da manna a jeji, ya ba su mudu, kowane mutum da rabonsa na yini. Waɗanda haɗama ta sa suka ajiye ƙari, da safe suka tarar ya yi tsutsa yana wari. A Littafin Lissafi sura 11, jama'a suka raina mannar, suka yi ta kukan nama, aka ba su makware har ya zame musu annoba, aka kuma sa wa wurin suna saboda kaburburan makwaɗaita. Hausawa ma sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Misalai 25:16 ya yarda zuma tana da daɗi, amma ya ce a tsaya a daidai ƙima. A Galatiyawa 5:22-23 kuwa, kamun kai yana cikin 'ya'yan da Ruhu yake haifarwa, tare da ƙauna da salama.

Na huɗu, iyaye za su ba da lissafi. Ku tuna da Eli firist a 1 Sama'ila sura 2. 'Ya'yansa suna ƙwace nama mafi kyau daga hadayar jama'a, Ubangiji kuwa ya zarge shi da fifita 'ya'yansa a kan Allah, da kuma cin moriyar abin da suka ƙwato. Ya yi musu faɗa da baki, amma bai hana su ba. Uban da ba ya iya ce wa ɗansa a'a, wata rana zai yi kukan da ba shi da magani.

Sai dai a nan dole in ja kunnenmu. Ba kowace ƙiba ce take fitowa daga zari ba. Akwai gado, akwai sauyin jiki bayan haihuwa, akwai wasu cututtuka da magunguna masu ƙara nauyi, akwai kuma talauci mai tilasta wa mutum cin abin da ya fi araha. Da almajirai suka ga makaho suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya jawo, ya ƙi ɗora laifin a kansa ko a kan iyayensa (Yohanna 9:1-3). Allah zuciya yake dubawa. Wanda ya ɗauki wannan koyarwa ya mai da ita bulalar yi wa matarsa ko ɗansa ba'a, ya yi zunubin da ya fi na cin abinci nauyi.

3. YADDA ƘIBA TAKE SHIGA GIDA

Abinci shi ne itacen da jiki yake hura wutarsa da shi. Abin da aka ci aka ƙone shi da aiki ya wuce. Abin da ya ragu kuwa, jiki yakan mai da shi kitse ya adana. Kakanninmu a kan wannan tsauni sun ci tuwo da yawa, amma su ne suke noma a kan duwatsu, suna haƙar kuza, suna tafiya kasuwa da ƙafa, iyayenmu mata suna surfen acha a turmi suna ɗebo ruwa daga rafi. Mu kuwa mun riƙe girman malmalarsu, mun bar aikinsu. Daga ƙofar gida keke mai ƙafa uku zai ɗauke mu zuwa Taminus, mu wuni a zaune a shago ko ofis, mu dawo mu zauna gaban talabijin, yara kuma kowa da waya a hannu.

A kan wannan sai muka ƙara sukari da mai. Kwalbar lemo mai senti-lita 35 takan ƙunshi sukari kimanin ƙaramin cokali tara. Babbar roba mai senti-lita 50 takan kai cokali goma sha biyu ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da babban mutum yake sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato cokali goma sha biyu, ta kuma ce ya fi kyau a tsaya a shida. Roba ɗaya ta cinye rabon yini duka, ba a ƙidaya na shayi da na kunu ba. Abin da ya sa ya fi haɗari shi ne, sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa, mutum zai sha ya kuma ci abincinsa cif. Wannan damuwa tana cikin dalilan da suka sa gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021.

Kitsen da ya taru a ciki shi ne mafi illa. Yana hana jiki jin maganar insulin, wato sinadarin da yake kwashe sukari daga jini, daga nan sai ciwon suga ya samu ƙofa. Yana ƙara wa zuciya aiki, ya ɗaga jini, ya danne gwiwoyi da baya. Yaron da ya taso da ƙiba kuwa, galibi da ita yake girma.

Ga hanya mai sauƙi ta gwada kai ga manya. A sami igiya a auna ta daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki, ɗan sama da cibiya kaɗan. In bakinta biyu ba su haɗu ba, lokaci ya yi da za a ɗauki mataki. Ma'aikatan lafiya kuma suna raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Mai kilo 80 da tsawon mita 1.6 zai sami 31. Daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 an shiga ƙiba mai illa. Yara ba a auna su da wannan lissafi, sai a kai su asibiti a duba katin girmansu.

4. ABIN DA IYALI ZA SU YI

(a) Kwano. A raba shi gida huɗu a zuci. Gida biyu na ganye da kayan lambu ne: alayyahu, rama, zogale, yakuwa, kabeji, karas, kuɓewa, gauta. Gida ɗaya na mai gina jiki: wake, waken soya, ƙwai, kifi, gyaɗa, riɗi ko nama. Gida ɗaya na tuwo, shinkafa, doya ko dankali. A yawancin gidajenmu tuwo ne yake cinye kwanon, miya kuwa ta shafawa ce. A juya lamarin, miya ta yi yawa, malmala ta yi kamar dunƙulen hannun mai ci. Gwaten acha da iyayenmu suke yi da ganye mai yawa ya riga ya cika wannan ƙa'ida tun kafin likitoci su rubuta ta. Acha da tamba da dawa da gero, da rizga da gwaza, duk abinci ne nagari, amma su ma ana auna su. Kada mai ciwon suga ya bar maganinsa don ya koma cin acha.

(b) 'Ya'yan itatuwa. Shawarar masana ita ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, kimanin cikin tafin hannu biyar, ban da dankali da rogo. A sayi na lokacinsa, shi ya fi araha: mangwaro, gwaiba, lemu, gwanda, ayaba, piya, atili. A ba yaro lemu ya sha da ɓargonsa, ya fi na kwali.

(c) Abin sha. Ruwa ne abin shan gida. Lemon kwalba ya koma na ranar biki. Zoɓo da kunu na gida suna da kyau in an rage musu sukari. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni harshe zai saba.

(d) Mai da gishiri. A auna mai da cokali, a bar tuttula shi daga galan. Dankalin da aka dafa ko aka gasa ya fi wanda ya yi iyo a kasko. Fanke da cincin da ƙosai su zama na jefi-jefi. Gishiri kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya a yini ga babban mutum, wato giram 5, tare da wanda yake cikin magi. Daddawa, albasa, tafarnuwa da citta suna ba da ɗanɗano.

(e) Ƙananan yara. Nonon uwa zalla wata shida, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu. Kada a saba wa jariri da zaƙi. Kada a tilasta wa yaro side kwano bayan ya ƙoshi, kada kuma alewa ta zama ladan biyayya ko maganin kuka. Aikin iyaye shi ne su zaɓi abin da za a ci da lokacin cinsa. A sa wa ɗan makaranta dafaffen ƙwai, alale, gyaɗa ko ayaba a jaka, ya fi a ba shi kuɗi ya saya a bakin ƙofa. Kuma kada a sa yaro mai ƙiba a horon yunwa shi kaɗai, sauran gida suna cin abin da suka ga dama. Gidan duka ne zai gyara tukunya.

(f) Motsa jiki da barci. Yara masu shekara 5 zuwa 17 suna bukatar aƙalla awa ɗaya ta guje-guje kowace rana, manya kuwa minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Allah ya ba mu gari mai sanyi, sama da mita 1,200 daga teku, inda tafiya a ƙasa ba wahala ba ce. Wanda majami'arsa take kusa ya taka da iyalinsa. A yi ɗan lambu a bayan gida, yara su yi ban ruwa. A ƙayyade lokacin talabijin da waya, a kwanta da wuri, gama ƙarancin barci yana ƙara kwaɗayi.

(g) Cin abinci tare. A kashe talabijin, a yi addu'a, a ci a natse. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maigida, ba za ka zauna da tsire da kwalba biyu kowane dare, ka umarci ɗanka ya ci kabeji ba. Uwargida, kada ki mai da cikinki wurin zuba ragowar yara don gudun ɓarna, ki rage abin da kike dafawa.

Wanda nauyinsa ya riga ya yi yawa kada ya karai. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, yana taimakon jini da suga sosai. A guji shayin rage tumbi na 'yan talla, a nemi shawarar likita, musamman masu juna biyu da masu shan magani.

5. HAKKIN EKKLESIYA

Waɗanda suka kawo mana Bishara sun haɗa ta da kula da jiki. Asibitin Kirista na Vom ya soma aiki a 1922, Asibitin Evangel na Jankwano kuwa a 1959. Gadonmu ne wannan. To, mu dubi abin da muke rabawa a bikin aure, da suna, da godiya, da taron majalisa, da Kirsimati. Mu dubi abin da muke ba yaran Makarantar Lahadi. Ba abin kunya ba ne a ajiye ruwa da lemu da ayaba a gaban baƙo. Ku kuma tausaya wa fastocinku, waɗanda in sun ziyarci gida biyar a yini, kwalba biyar ake buɗe musu. Zumuntar Mata za ta iya ware mako ɗaya na koyon girki mai lafiya. Ma'aikatan jinya da suke cikinmu za su iya auna jini da nauyi bayan sujada sau ɗaya a wata uku.

Akwai kuma abu mafi girma. A 2 Korintiyawa 8:13-15, da Bulus yake roƙon taimako domin matalautan masu bi, labarin manna ya kawo, domin yalwar wani ta cike rashin wani. Muna da 'yan'uwa da tashin hankali ya raba da gonakinsu a Mangu da Bokkos a 2023, muna da gwauraye da marayu a kowace unguwa. Iyali su lissafa abin da suke kashewa a kan kayan zaƙi a wata, su mai da rabinsa mudun wake ko masara domin wani gida. Abin da yake yi mana yawa har yana cutar da mu, shi ne abin da wani yake roƙon Allah ya ba shi.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba na ce ku juya gidanku a rana ɗaya ba. Ku zauna da iyali a daren yau bayan addu'a, ku zaɓi abu ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan, ku riƙe su har wata uku, sa'an nan ku ƙara. Muna so mu ga jikokinmu, mu kuma yi wa Ubangiji hidima da ƙafafunmu har tsufa, 'ya'yanmu kuwa su hau kowane tudu tare da tsaransu.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ƙasa mai albarka da ka ba mu. Ka gafarta mana inda muka yi sakaci da jikin da ka ba mu amana. Ka ba iyaye hikima da ƙarfin hali, ka ba 'ya'yanmu zuciyar biyayya, ka warkar da marasa lafiya, ka ƙosar da mayunwata ta hannunmu. Ka cika mu da Ruhunka mai ba da kamun kai, domin cinmu da shanmu su kawo maka ɗaukaka. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.